Kwalaben Dogo da Sabon Idon Kaka

"...da gajiyar hanya kuma? Ya asibitin? Ya... ya kuka baro likitan?"

"Likita yana nan lafiya. Ya fi ka kyau, ya fi ka ƙamshi, ya fi ka iya gaisuwa. Matsa mini daga hanya, tun daga bakin ƙofa warin fentinka ya tare ni."

Dogo ya matsa. Ya ga yadda kakarsa ta shigo falon: baƙin tabarau a fuska, sanda a hannu ɗaya, ɗayan hannun a kafaɗar Ummansa, tana laluben dardumar ƙofa da ƙafa, daidai yadda ta fita da safe. Yau ce ranar cire bandejin aikin da aka yi mata. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman kuma yanar ido ce ta rufe shi shekara da shekaru. Likita bai ɓoye musu komai ba, ya ce ga shekaru ga ciwon suga, ko dai a dace ko a rungumi ƙaddara.

Tun hantsi Dogo yake kiran wayar Umma ba a ɗagawa. Garejin da yake fentin motoci ma ya kasa zuwa, zaman gidan kuma ya gagare shi, sai ya huce a kan teburin cin abinci. Ya ce a ransa, in Allah ya buɗe idon nan, kada abin da zai fara gani a gidan ya zama tsohuwar ledar tebur mai tabon ƙunar butar shayi. Haka ya wuni yana wanke kwalabe, yana goge gwangwanaye, yana yanka yana liƙawa.

Ya dubi Umma yana neman labari a fuskarta. Ita kuwa ta zaunar da mahaifiyarta a kujerar da ke gaban tebur, ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna girgiza, ta shige kicin.

Shi ke nan, in ji zuciyar Dogo. Bai yi ba.

Tun yana rarrafe tsohuwar nan take kiransa mijinta, shi kuma tun da ya iya magana yake rama mata baƙar magana. Ya rantse ba yau ce ranar da za ta ji tausayi a muryarsa ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"To uwargida, an je an ga likitan, an dawo wurin maigida. Komai nisan jifa ai ƙasa zai faɗo."

"Ƙasar ce ba ta da daɗin faɗawa. Me kuma nake ji a kan teburin nan? Hannuna ya taɓa wani abu kamar kayan 'yan gwangwan."

"Kayan 'yan gwangwan? Ke fa matsalarki ke nan, ba ki san abin arziki ba. Ado ne na yi miki. Irin wanda ake yi wa matan manya a manyan otel."

"Kai ka taɓa shiga babban otel?"

"Na yi wa motar mai gadin wurin fenti."

"To ai ka shiga, sannu. Faɗa mini abin da ke nan, tun da ni ba ido gare ni ba."

Maganar ta soke shi, amma ya dake. Ya ɗauko wata kwalbar zuma da ya naɗe da zaren buhu tun daga gindi har wuya, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Wannan tulun fure ne na lu'ulu'u. Ta jirgin sama aka kawo shi. Kujera guda aka ba shi shi kaɗai, har da ɗamara."

Kaka ta shafa, ta kai hanci.

"Lu'ulu'un yana ƙamshin zuma."

"Ƙudan zuman ƙasar ne suke ƙera shi."

"Kuma an ɗaure shi da igiya kamar akuyar da ta saba tsallaka katanga."

"Yayi ke nan. Ke ina kika san yayi? Rabonki da yayi tun ana aske wa jaki gemu."

"Yaro man kaza. Lokacin da nake yayi, uwarka ma ba ta san hanyar duniya ba. Wannan kuma fa mai tsini?"

Rassan bishiyar maƙwabci ne da suka leƙo ta katanga, Dogo ya yanko su da almakashin Umma ya cusa a cikin kwalbar lemo.

"Fure ne na musamman. Sau ɗaya yake fitowa a shekara, shi ma sai an yi masa kiɗa."

"To wannan da alama makaɗin ya yi fushi, don ni ƙaya kawai nake ji. Ka tabbata ba tsintsiyar tsakar gida ka tsinke ba?"

"Tsintsiya tana nan lafiya, tana gaishe ki. Ta ce ke ce yayarta a ƙarfin ƙugu."

"Ja'iri! Wannan abu mai sanyi fa?"

"Kwanon gilas ne, na zuba ruwa, na yanka lemo faifai faifai suna yawo a sama."

"Lemo? Lemon da mutane suke sha shi ka tura wanka? Allah ya shirye ka. Wato ni ina asibiti ana kwance mini bandeji, kai kana gida kana koya wa lemo iyo."

Dogo ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a rabi. Ya saci kallon ƙofar kicin. Ba motsin komai sai ƙarar famfo. Ya mayar da ido kan baƙin tabarau ɗin, yana neman ko da alamar ƙiftawa, bai ga komai ba sai fuskarsa ta yi tsawo a cikin gilashin. Bakinsa ya kawo tambayar har kan harshe, ya mayar da ita. In ya tambaya ta ce masa duhu ne, ina zai kai fuskarsa?

"Ka yi shiru," in ji Kaka. "Ƙaryar ta ƙare ne, ko ka tafi sarowa?"

"Ina? Ai yanzu aka fara. Taɓa nan. Fitilu ne na zinariya, a jere har ƙarshen tebur."

Gwangwanayen madara ne. Ya hudahuda su da ƙusa, ya fesa musu ragowar fentin da ya kwaso daga gareji, ya zuba yashi a ciki ya kafa guntayen kyandir. Kaka ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce.

"Zinariyar tana kuka kamar gwangwanin madara."

"Zinariyar zamani ce, ba ta da girman kai."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Dogo."

"Nawa da siminti na yi shi, har da ƙofar baya."

"To na ji. Amma waccan ta can ƙarshe, me ya sa ka bar ta rabi ja rabi kore kamar ƙadangaren da ya faɗa kwata?"

"Ai jan ne ya ƙare mini, sai na ce bari in ƙarasa da..."

Ya tsaya.

Gwangwanin yana can ƙarshen tebur, inda ko da sanda ba za ta kai ba. Kuma ko ta kai, yaushe aka fara jin launi da hannu? Dogo ya dubi gwangwanin, ya dubi tsohuwar, ya sake duban gwangwanin. Kunnuwansa suka yi ɗum.

"Umma ce ta gaya miki."

"Ummarka tana asibiti tare da ni tun safe. Ko ta waya gwangwanin ya kira ta?"

"Kin... kin shinshina ne."

"Eh, ja yana warin tattasai, kore yana warin ciyawa. Kai dai Allah ya ba ka tsawo ya hana ka sauran. Kuma tun da muna maganar, maɓallin rigarka na biyu ka sa shi a ramin na uku. Ga fenti shuɗi a kunnenka na dama. In makaho ya ce a yi wasan jifa, ai ya taka dutse, sakarai."

Ta sa yatsa ta ɗan sauke tabarau ɗin zuwa kan hanci. Idon daman ya yi ja kaɗan, yana ƙyalli da ruwan magani, amma yana kallonsa. Kallo na sosai, ƙwayar tana bin fuskarsa daga goshi zuwa haɓa, ba irin kallon nan na saman kai da ya saba gani ba.

Dogo bai san lokacin da ya zame daga kujera ya zauna daɓas a ƙasa ba. Daga kicin sai ga dariyar Umma ta fashe, irin dariyar da aka daɗe ana dannewa. Ta fito tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ka yafe mini, wallahi Inna ce ta sa ni rantsuwa tun a mota. Ta ƙwace wayata ta zauna a kanta. Ta ce in na yi ko tari sai ta tsine wa shayina."

"Umma! Ni na ɗauka kuka kike yi! Na kusa..." Muryarsa ta karye. Ya kifa fuska a gwiwar kakarsa, kafaɗunsa suka shiga rawa. "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi."

Kaka ta ɗora hannu a kansa. Yatsunta suka shiga shafa gashin a hankali. Can ta ja numfashi.

"Yaushe ka yi furfura a nan gefen? Ba wanda ya gaya mini." Ta gyara murya da sauri. "Kai, tashi mini daga kan zane, kana jiƙa mini shi. Dubi ƙato har ƙato. Wanzami ba ya son jarfa. Kai kullum cikin tsokanata, yau an taɓa ka sau ɗaya ka narke kamar kyandir ɗinka."

Dogo ya ɗago yana goge fuska da hannun riga, dariya da kuka suna kokawa a bakinsa.

"Ni kuka? Fenti ne ya shiga mini ido."

"To mu koma wurin likitan, hannunsa da sauran zafi."

"Amma tsohuwar nan ba ki da imani. Kin zauna kin bar ni ina ta zuba kamar famfo."

"Ina so in ji iyakar ƙaryar da ake yi mini a gidan nan ne. Yanzu na gane. Ashe duk shekarun nan da kake cewa kai ne mafi kyau a layin nan, cutata kake yi. Gani ya kori ji. Dogo, sake ni."

"Yau ɗin nan?"

"Yanzun nan. Ni na ɗauka saurayi nake aure, ashe sandar rake ce da hula. Biri ya yi kama da mutum, wutsiya ce kawai ba a ba ka ba."

"To ni ma bari in faɗi gaskiya tun da an zo nan. Ke kin ga kanki? Umma, a rufe madubin ɗakinta, kada ta gani ta ce an shigo mata da baƙuwa."

"Na gani tun a asibiti. Nas ɗin ma cewa ta yi ko ni ce ƙanwar uwarka."

"Ita ma a yi mata aikin."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

"Shi ya sa na naɗe kwalbarta da igiya, kada ta gudu."

"Ka ji shi ko? Ido ɗaya kacal aka buɗe mini har na ga wannan ɓarna. Da biyu ne ai da tuni na haɗa kayana."

"A garin makafi ne mai ido ɗaya yake sarki. Nan gidan kowa biyu gare shi, ki bi a hankali."

"Biyun naka me suka tsinana maka? Da su ka zaɓi ja da kore."

Umma ta koma kicin tana riƙe da ciki, tana cewa ita dai ba ruwanta, miji da mata sai Allah. Kaka ta mayar da tabarau ɗinta daidai kamar yadda likita ya ce, ta jingina sandar a bango, ta juyo ga teburin. Dogo ya tsaya yana kallonta tana kallo. Ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ta bi furannin takarda da ya murɗa daga tsohuwar kalanda, ta bi duwatsun da ya wanke ya jera a faranti, ta tsaya a kan kwanon lemon, inda hasken taga ya ratsa ruwan ya zuba rawaya a kan tebur. Ta miƙa yatsa ta taɓa hasken, ta janye.

"Rawaya," ta ce a hankali, kamar mai gaishe da wanda ya daɗe a tafiya. "Ashe haka take."

Dogo ya kawar da kai ya shiga gyaran kwalbar da ba ta karkace ba.

"Ya yi kyau ko? Faɗi gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba."

"Da babu gara ba daɗi."

"Haba uwargida. Ko ɗan yabo?"

"Yabon gwani ya zama dole, to ina gwanin? Zo nan in koya maka. Wannan dajin da ka dasa a tsakiya, rage masa tsawo. Duk wanda ya zauna can ɓangaren sai an aika masa da saƙo kafin a san yana nan. Ni ba a yanka mini ido don in kalli itace ba, fuskokin mutane nake son gani in ana cin abinci. Har da taka, haka nan zan daure."

Ya ɗauko almakashi ya datse rassan.

"Ƙara. Kai komai naka sai ya yi kama da kai? Yawwa. Kyandir ɗin nan kuma matsar da shi daga furen takarda, kada murna ta ƙare da kiran 'yan kwana-kwana. Dogayen kwalabe a tsakiya, gajeru a gefe. A'a, ba a jere kamar masu jiran allura ba, tara su su yi hira."

Ya yi yadda ta ce. Abin haushi, teburin ya fi kyau nesa ba kusa ba.

"Dama haka na yi niyya," in ji shi.

"Na sani. Niyyar ce ta makara a hanya. Wannan ƙyallen da ka shimfiɗa a tsakiya fa, daga ina?"

"Ragowar yadi ne, tela ya ba ni."

"Bakinsa duk ya zare kamar gemun bunsuru. Haka za a bar shi? Kawo mini allura da zare."

"Likita bai ce ki huta ba?"

"Cewa ya yi kada in sunkuya, kada in ɗauki abu mai nauyi. Allura buhun siminti ce? Kawo. Yau za ka ga aiki. Ni da nake zura zare a cikin duhu ina goye da uwarka."

Dogo ya kawo gwangwanin ɗinkin Umma. Kaka ta zaɓi allura, ta tsinke zare da haƙori, ta lashi bakinsa, ta ɗaga su sama wajen hasken taga. Ta tura. Zaren ya wuce ta gefe. Ta sake lasa, ta sake turawa. Ya lanƙwashe. Ta matsar da allurar nesa, ta dawo da ita kusa, ta karkata kai.

"Allurar nan ba ta da ƙofa."

"Tana da ita. Mai gadi ne ya hana ki shiga."

"Yi mini shiru. Allurar zamani ce, an rage mata ido don rowa."

"Ko in kira ƙanwar Umma ta gwada? Af, ashe ke ce."

Ta gwada na uku, zaren ya zame ya faɗi a cinyarta. Dogo ya tsugunna a gabanta, ya ɗauke shi, ya karɓi allurar daga yatsunta. Tura ɗaya ya zura, ya ƙulla bakin, ya miƙa mata da hannu biyu yana sunkuyar da kai kamar mai gaishe da surukai.

"Ga shi, ranki ya daɗe. Daga sandar rake mai hula. Sai dai ki yi sauri, don da na sake ki zan tafi da idanuna duka biyu."

Kaka ta dubi allurar, ta dubi jikan nata, ta cije leɓe tana son ta riƙe fuska. Ba ta riƙu ba. Dariya ta ƙwace mata har tabarau ɗin ya zamo, ta tare shi da bayan hannu.

"Ɗan banza mai dogon wuya. To na ji, ka ci wannan. A ɗage sakin nan zuwa baɗi, ashe kana da sauran amfani." Ta jawo bakin ƙyallen ta soka allurar. "Matso da kujerarka nan kusa, inda zan riƙa ganinka. Kuma ka gyara maɓallin nan, kana ɓata mini sabon ido."